Guzurin Gona da Hanya: Yadda Ake Haɗa Goro da Gyaɗa da Kantu

A shekarar 2007 wani kamfani a jihar Dakota ta Kudu, can Amurka, ya fito da soyayyar ƙwayar sanfulawa mai suna Sumseeds. Ƙwayar ta yi kama da ta agushi, kuma direbobin manyan motoci da 'yan wasa na can sun saba ɓarzar ta suna tofar da ɓawon. Abin da kamfanin ya ƙara shi ne kafeyin, sinadarin nan da ke kore barci, wanda ya shigar cikin ƙwayar don mutum ya sami abin taunawa da abin wartsakewa a leda guda.

Manomin Kebbe da direban da ke lodi a tashar Tambuwal ba su da buƙatar a yo musu odar wannan. Kafeyin yana cikin goron da ke kan faifan kowane mai tireda, ƙwaya mai maiƙo kuma ga gyaɗa ga riɗi. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan ratsa wannan yanki, su yada zango a Jega, su haye Kwara su bi ta Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da jakuna ɗauke da goro. Yau motoci ke kawo shi daga Shagamu da sauran garuruwan Yarabawa. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda za a haɗa guzurin, da kuma gwargwadon da jiki zai ɗauka, don a nan ne na ga mutanenmu da yawa suna cutar kansu.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa tun daga farkawar mutum, shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da wannan sinadari ke sauka, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan, jinta ne aka ɗauke. Goro bulala ne, gyaɗa kuwa harawa. Jakin da ake ta zuba wa bulala ba harawa zai yi sauri da safe, ya durƙushe kafin azahar. Giram 100 na gyaɗa na ɗauke da kuzarin abinci wajen kalori 570, kusan rabinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. Riɗi ma kusan haka yake wajen mai da kuzari. Saboda haka guzurin kirki ƙafa biyu gare shi, kuma ni a ganina kada a cakuɗa su wuri ɗaya yadda Amurkawan suka yi. Hannu ba ya ƙirga gyaɗa, ɗiba kawai yake yi har leda ta ƙare. In kafeyin na cikinta, mutum ba zai san nawa ya haɗiya ba. Goro kuwa ana ganinsa, ana ɓara shi, ana iya cewa yau ɓari biyu na ci.

Zaɓen goro

Goron da muke nufi shi ne mai ɓari biyu, fari ko ja. Hannun-ruwa, wanda ke rabuwa uku ko fiye, yana da yauƙi, kuma ba shi ne abin taunawar yawancin Hausawa ba. Namijin goro kuwa wata bishiya ce daban, kada a lissafa shi a wannan aiki.

Masu sayarwa na kasa shi bisa girma, daga goriya zuwa marsa har minu. Don guzuri na fi son minu ko ƙaramin marsa, saboda goro in an ɓara shi ya sha iska sai ya canja launi ya bushe, babba kuwa ba ya cinyuwa a zama ɗaya, kuma bai kamata ya cinyu ba. Sabon goro, nata, yana shigowa da yawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa gare shi da bauri, yana kuma saurin tayar wa wasu zuciya in ciki ba komai. Daushe, wanda ya kwana biyu a ajiye, ya fi laushin ɗaci, ya fi barin zaƙi a baki bayan an kurɓi ruwa. Ya fi tsada, amma wanda zai wuni a rana ya fi dacewa da shi.

Ka ɗauki goron ka auna a tafin hannu. Mai kyau yana da nauyi, fatarsa sumul, bakinsa a rufe. Ka juya shi ka duba gindi da tsagar tsakiya. In ka ga ƙaramar huda kamar ta allura, ko ɗan gari a bakinta, sankara ta shiga, tsutsa na ciki tana ci. In ya yi yaushi ko tamoji, iska ta riga ta shanye shi. Baƙin tabo mai laushi alamar ruɓa ce.

Sannan ka shinshina, kada kunya ta hana ka. Ƙwaron da ke haddasa sankara shi ne babban abokin gabar 'yan goro, kuma akwai masu yaƙarsa da maganin ƙwari tun daga inda ake tara kayan a kudu. Gamalin, wanda sinadarinsa lindan ne, an daɗe ana amfani da shi ta haka, alhali tun 2009 aka saka lindan cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana. Goro ɗanye ake ci, ba ya ganin wuta. In ka ji warin fiya-fiya ko na kananzir, ajiye ka wuce gaba, kome arharsa. Wanda ka saya ma ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta kafin ya shiga baki. Ka riƙe mai goro guda wanda ka yarda da shi, ka tambaye shi kai tsaye: "Alhaji, wannan huhun an sa masa magani?" Mai tsoron Allah zai gaya maka.

Ajiya

Nan ne gwaninta take. Goro ɗan kurmi ne, a inuwa da laima ya tashi, mu kuwa muna ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya tsotse ruwan duk abin da aka bari a buɗe. Goro yana da rai ko bayan an cire shi daga kwasfa, yana numfashi, yana iya tsira. Aikin mai ajiya shi ne ya hana shi bushewa ba tare da ya jiƙa shi har ya ruɓe ba.

'Yan goro suna shimfiɗa ganyen fita a kwando ko huhu, su jera goro, su rufe da ganye, su naɗe da algarara, su riƙa yayyafa wa algararar ruwa. A gida ma haka za ka yi, sai dai a ƙaramin sikeli. Nemi ƙaramar tukunyar ƙasa ko kwano mai murfi. Roƙi mai goro ya ba ka ganye kaɗan daga nasa. Shimfiɗa ganyen, bayansa na kallon tukunya, santsinsa na kallon goro. Jera goron bayan ka tsane shi sarai, don ɗigon ruwa da ya maƙale a tsaga shi ne mafarin ruɓa. Rufe da ganye, ka ɗora ƙyallen algarara da ka jiƙa ka matse har ya daina ɗiga. Ruwa a kan algarara yake tsayawa, ba a zuba shi kan goro. Ajiye tukunyar a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, nesa da murhu da hasken rana.

Duk bayan kwana biyu ko uku ka buɗe ka juye a faifai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna huda ko tabo ka fitar da shi nan take, domin sankara daga goro guda take bin sauran. Wanda ya fara tsiro ka tsinke tsiron da farce, ka sa shi a sahun waɗanda za a fara ci. Ganyen da ya bushe ko ya yi baƙi ka canja. Da hunturu za ka riƙa jiƙa algarara kusan kullum. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, sau da yawa laimar ɗaki ta isa, abin tsoro a lokacin shi ne fumfuna.

Mutane da yawa yanzu baƙar leda suke sa shi, kuma tana riƙe laima ƙwarai. Illarta ita ce gumi: in zafi ya bugo, ruwa ya taru a ciki, goro ya dahu a tsaye. In leda za ka yi amfani da ita, ka sa ganye a ciki, ka riƙa buɗewa kana goge gumin. Na aljihu kuwa, wanda za a fita da shi gona, a naɗe shi a ɗanyen ganye guda, kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli da canji. Kuma kada ka sayi ƙwarya guda, wato goro ɗari, in kai kaɗai ne mai ci. Na mako biyu ya isa.

Gyaɗa

Kafin wuta, tsinta. A baza gyaɗar a faifai a fitar da duk wadda ta yanƙwane, ta fashe, ta yi baƙi ko kore, ko ƙwaro ya huda. Wannan mataki ya fi suyar kanta muhimmanci. Gyaɗar da ta sha laima a rumbu ko a buhu tana kama wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. In aka tauna ƙwaya aka ji ɗaci, a tofar. Tsintattun kuma kada a ce a ba yara ko a kai wa mai ƙuli, a zubar.

Ga mudu guda, Uwargida, ki tafasa ruwan da zai sha kan gyaɗar, ki narka gishiri kamar cokali uku na cin abinci, ki sauke, ki zuba gyaɗar ta yi minti goma zuwa sha biyar. Ki tsane a kwando, ki baza a rana har fatar ta bushe ta daina manne wa hannu. Ki sami yashin gulbi mai tsabta, ki tankaɗe, ki wanke, ki shanya. A zuba yashin a kasko ya yi zafi tukuna, sannan gyaɗa ta shiga. Amfanin yashi shi ne yana raba zafi ko'ina, ƙwaya ta gasu har ciki ba tare da gefe ɗaya ya ƙone ba. Wuta matsakaiciya, hannu kuma kada ya tsaya. Bayan kamar minti ashirin za ki ji ƙamshi ya tashi, fatar ta fara tsagewa. Ɗauki ɗaya ki murza. In fatar ta saɓule, cikin ya yi ruwan zuma mai haske, ki sauke. Kada ki jira ta yi ƙarau a kasko, don tana ci gaba da gasuwa bayan an sauke, sai ta huce take ƙarau. A tankaɗe yashin, a bar ta ta huce sarai, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. In aka rufe ta da ɗumi za ta yi gumi ta yi laushi.

Kantu

Riɗi yana zuwa da tsakuwa da ƙasa, sai an wanke an rairaye shi da kyau an shanya. A soya shi a busasshen kasko, wuta kaɗan, har ya fara tsalle yana ƙamshi. Minti kaɗan ne, kuma in ya wuce ya yi ɗaci babu gyara. Ga gwangwanin madara biyu na riɗi, gwangwani ɗaya na sukari. A narka sukarin a tukunya da ɗan ruwa cokali biyu da 'yan ɗigon lemon tsami, har ya zama ruwan zuma. A ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. In ya daskare ya karye, ya yi. A juye riɗin a gauraya da sauri, a zuba a farantin da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafinsa. Mai mazarƙwaila na iya sa ta a madadin sukari, kantun zai fi duhu da ƙamshi, sai dai ya fi saurin yin danƙo da damina. Mai ciwon sukari ya tsaya a kan gyaɗa.

Tsofaffin da haƙori ya ƙare musu suna goga goro a magogi, kuma za a iya daka musu gyaɗar ta zama gari-gari. A goga daidai wanda za a ci a lokacin, don gogaggen goro ba ya jira.

Gwargwado

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, da takwararta ta Tarayyar Turai a rahotonta na 2015, sun tsaya a kan cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini. Ta Turai ta ƙara da cewa kada a wuce 200 a zama ɗaya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200 a yini gaba ɗaya.

To nawa ke cikin goro? Yana bambanta daga iri zuwa iri, amma busasshen goro na ɗauke da wajen kashi 2 cikin 100, ɗanye kuwa kusan rabinsa ruwa ne. In ka ɗauki goro matsakaici mai nauyin giram 15 zuwa 20, lissafin zai ba ka miligiram 150 zuwa 200. Ɓari guda ke nan ya yi daidai da kofin kofi, ko kofi biyu na baƙin shayi. Goro biyu matsakaita sun cike ma'aunin yini. Wannan kuwa in ba a sha komai ba. Wanda ya karya da shayi mai Nescafe a teburin mai shayi, ya sha lemon gwangwani mai sa kuzari da rana, ya zauna majalisar shayin Buzaye da dare, duk asusu ɗaya suke shiga, dole ya rage goron.

Ga yadda zan tsara wa mai noma a damina. Ya karya kumallo tukuna, ko da kunu ne ko ɗumame. Goro a kan yunwa yana ƙara tsamin ciki, ga shi yana danne jin yunwar, mutum ya wuni bai ci ba yana zaton ƙarfi gare shi. In hantsi ya yi, aiki ya fara nauyi, ya ci gyaɗa cikin tafi guda, ya bi da ɓari ɗaya, ya sha ruwa sosai. Kafeyin yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda, saboda haka kada ya ƙara don bai ji komai ba a minti goma na farko. Bayan azahar, in an sha fura an huta, kantu yanka biyu da ɗaya ɓarin. Daga la'asar a rufe. Jiki na ɗaukar wajen sa'a biyar kafin ya rage rabin kafeyin da ya shiga, ke nan goron da aka ci da magariba rabinsa na nan a jini har tsakar dare. Mutum ya kasa barcin kirki, ya tashi a gajiye, ya nemi goro fiye da na jiya, haka abin ke hauhawa.

Matasan da ake ɗauka ƙwadago a gona su na fi ji wa tsoro. Wasu sun bar goro suna cewa na tsofaffi ne, sun koma ƙwayar tiramol don su yi aikin mutum biyu. Tiramol dangin maganin kashe zafi ne mai kama jiki, yana kawo farfaɗiya in ya yi yawa, kuma haɗa shi da goro ko lemon kuzari ƙarin nauyi ne ga zuciya. Mai gona da ke kai wa 'yan ƙwadago abinci, in ya haɗa da kwalbar gyaɗa da ruwa isasshe, ya bar su su huta in rana ta take, ya rage musu dalilin neman ƙwaya.

Direba kuma, mai bin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, Jega, Yawuri har Kwantagora, ya riƙe wannan: in ido ya fara lumshewa, ko ka ga ka wuce wani gari ba ka tuna wucewarsa ba, goro ya gama nasa. Ka sami wuri mai aminci cikin gari ka tsaya, ka ci ɓari guda, ka kwantar da kujera ka yi barcin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kana farkawa kafeyin na fara aiki, su haɗu su ba ka sa'a ɗaya ko biyu. Dabara ce ta kai ka masauki, ba ta kwana a kan sitiyari ba. Fasinja ma su daina matsa wa direba in ya ce zai ɗan runtsa.

Akwai waɗanda guzurinsu gyaɗa da kantu ne kawai. Yara ba a ba su goro. Mai gyambon ciki, da mai bugun zuciya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, su tambayi likita kafin su ci. Mai ciki ta tsaya a ɓari ɗaya in ma dole ne, domin a watannin ƙarshe jikinta na daɗewa ƙwarai kafin ya fitar da kafeyin, kuma kada ta haɗa shi da lokacin shan maganin ƙarin jini, a bar tazarar sa'a biyu. Wanda aka rubuta wa sifro, maganin da ake yawan bayarwa don taifot, ya rage goro har ya gama, don maganin na hana hanta sarrafa kafeyin da wuri, sai ɓari ɗaya ya yi aikin biyu. Duk wanda ya ji hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, ko jiri, ya ajiye na ranar, ya sha ruwa, gobe ya rage.

Wanda ya saba da goro uku ko huɗu a yini kada ya yanke rana ɗaya. Ciwon kai da kasala na zuwa cikin sa'a 12 zuwa 24 da dainawa, suna iya kai mako guda, kuma shi ne ciwon kan da ke damun masu goro a farkon azumi. A fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban, ɓari guda duk bayan kwana uku, ana jinkirta na safe zuwa hantsi, na hantsi zuwa azahar. In watan ya kama, ɓari ɗaya bayan an sha ruwa an ci abinci ya wadatar, gyaɗar kuma a matsar da ita zuwa sahur, don maiƙonta na daɗewa a ciki.